Lamba Uku a Katin Inna Kaltume

A wani ƙauye da ake kira Gangaren Marke, can tsakanin Bici da Shanono, inda gona ke manne da gona har sai an tambayi dattijo kafin a gane iyaka, an yi wani ma'aikacin asibiti mai suna Dallatu. Ba likita ba ne, ba nas ba ne, bai taɓa ɗaure wa kowa ciwo ba. Aikinsa rubutu. Yana da kyan hannu, yana da saurin lissafi, ba ya makara, ba ya faɗa da kowa. Aibinsa guda ne: ya yi imani cewa ƙaryar da aka yi wa takarda ba ƙarya ba ce, tunda takarda ba ta jin ciwo.

Ga yadda aikin yake. Mutanen ƙauyen da dama sun shiga tsarin inshorar lafiya. An ba kowa kati mai lamba. In mutum ya zo asibiti ba ya biya, sai asibitin ya cika fom ya aika wa masu inshora a birni su biya. Masu inshorar nan ba su taɓa zuwa Gangaren Marke ba, domin kwalta ta ƙare tun kafin a hango garin. Abin da suke gani kawai lambar da aka rubuta a fom. Lamba ɗaya, an ga mutum, an tambaye shi abin da ke damunsa, an rubuta masa magani. Lamba biyu, ya dawo a duba yadda ya ji da maganin. Lamba uku kuwa cikakken bincike ne: a auna jini, a gwada fitsari, a saurari ƙirji, a duba ido da ƙafa. Abin da ake biya kan lamba uku ya ninka na lamba ɗaya sau huɗu. Kowane fom falle biyu ne. Farin ya tafi birni, shuɗin ya zauna a fayil ɗin mai jinya, domin duk wanda zai duba shi gaba ya san abin da aka riga aka gano.

Shekara uku Dallatu ya yi yana rubuta ɗaya a wurin ɗaya, uku a wurin uku. Ba a san ko gaskiya ce ta riƙe shi ba, ko kuwa dai lokacin bai ga dalilin yin ƙarya ba.

Sai shekarun nan suka zo, waɗanda man fetur ya fi ƙarfin babur, taki ya fi ƙarfin gona, kwanon masara ya zama abin da ake yi wa kallon girmamawa. Albashi ya koma zuwa kamar baƙon nesa, ba ya sanarwa, ba ya kwana. A asibitin, janareta ya yi shiru, firjin allurar rigakafi ya zama wurin ajiye takardu. Likita guda ce, Dokta Falta, kuma ranar Talata kaɗai take zuwa daga Bici. Sauran kwanaki shugaban asibitin ne ke ganin mutane, wani jami'in lafiya mai suna Malam Hadi, mutumin kirki wanda gajiya ta ci rabinsa. Shi ke sa hannu a fom. Yakan sa hannun ne yana tsaye, fom hamsin a lokaci guda, idonsa na kan layin da ke jiransa.

Wata rana Dallatu ya kai masa fom, sai Malam Hadi ya tsaya a kan guda.

"Dallatu, wannan matar ai mura ta kawo ta. Yaushe na gwada mata fitsari?"

"Malam, ba ka kalle ta ba?"

"Na kalle ta mana."

"Ba ka ji numfashinta ba sa'ad da take magana?"

"Na ji."

"To ai bincike ya cika. Malam, man janareta ba da mura ake sayensa ba."

Malam Hadi ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba, ya ce, "Allah ya shirye ka," ya sa hannu. Daga ranar bai sake tsayawa kan fom ba. Mutum in ya gane cewa karatu zai hana shi barci, yakan daina karatun.

Sai dai lamba uku tana da wata wahala: akwai gurbin da dole a cike da awon jini. Dallatu bai san awon jini ba, amma a bangon ofishinsa akwai wata tsohuwar kalanda ta masu magani, an rubuta cewa jinin mai lafiya ɗari da ashirin ne bisa tamanin. Ya ga babu dalilin ya yi wa mutane fatan sharri. Duk wanda ya ratsa ta biron Dallatu, sai ya fito da ɗari da ashirin bisa tamanin.

Janareta ya tashi, gaskiya ne, kuma firji ya yi sanyi. Ba za a ɓoye wannan ba. Amma abin da ya ragu bayan man janareta bai koma birni ba. Babur ɗin Dallatu ya sake hawa hanya a lokacin da na malaman makaranta ke jingine a zaure. Daga nan kuma ya lura cewa masu zuwa asibiti ba su kai yawan masu kati ba. Akwai tsofaffin da suka karɓi kati don an ce kyauta ne, suka adana shi a ƙasan adaka, suka ci gaba da jiƙe-jiƙensu. Ya fara kawo su asibiti a kan takarda, yana yi musu cikakken bincike, yana sallamarsu lafiya lau, su kuwa suna can gona ba su sani ba.

A cikin katunan duka, wanda ya fi kwantar masa da hankali shi ne na mahaifiyarsa, Inna Kaltume.

Dallatu ɗan fari ne, Inna Kaltume kuwa mutuniyar zamanin da ce, mai riƙe da kunyar ɗan fari kamar farilla. Tun da ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba. Kakarsa ce ta goya shi. In zancensa ya kama dole, sai ta ce "wancan," ko "na asibiti." In ya shigo gaishe ta, sai ta kau da kai wajen bango ta amsa a taƙaice, kamar mai amsa wa mai karɓar haraji. In tana da saƙo, ta bakin ƙanwarsa Hafsatu zai ji, wadda ke aure a maƙwabta. Bai taɓa shakkar tana sonsa ba. Duk kaka damin geron farko gidansa ake kaiwa, ba a cewa daga wa. Amma ya san abu guda tabbas: matar nan ba za ta taɓa shigowa asibitin da yake zaune a bakin ƙofa ba, ta miƙa masa kati, ta faɗa a kunnensa inda ke mata ciwo. Gara ta mutu.

Don haka a shekara guda ya kawo ta sau shida. Sau shida lamba uku. Sau shida ɗari da ashirin bisa tamanin. A duk faɗin ƙaramar hukumar, da wuya a sami tsohuwar da ta kai ta samun kulawa.

Ana tsakar yankan gero, Hafsatu ta tare shi a bakin masallaci bayan la'asar.

"Yaya, Inna fa kanta na ciwo. Ya fi sati. Jiya ta ce tana ganin tsakar gida kamar ta cikin hayaƙi."

"Rana ce. Mace mai shekara sittin da wani abu ta wuni a gona, me kike jira?"

"Ta ce kada in gaya maka."

"To ba ki gaya mini ba."

"Ni dai cewa na yi ko in lallaɓa ta mu zo a duba ta."

A nan ne hankalinsa ya tashi, amma ba don ciwon kan ba. Fayil ɗin ya tuna, da shuɗayen takardu shida da ke kwance a ciki.

"Ba sai kun zo ba," in ji shi. "Layin nan sai ya ƙara mata ciwo. Bari in ba ki ƙwaya."

Ya ba ta fakiti biyu na maganin ciwon kai, har ya ƙara mata kuɗin nono. Ya tafi yana jin ya yi abin da ɗa na gari ke yi.

Ƙarshen wata ya faɗo ranar Talata. Ranar ce yake kai fom birni. Ya bar wa Malam Hadi makullin ɗakin kati, ya ɗaure damin takardu a bayan babur, ya kama hanya tun da hantsi. Ya dawo da yamma da burodi mai yanka-yanka da sabon takalmi. Washegari ya tarar da fayilolin waɗanda aka gani ranar Talata an tara masa a kan tebur, sun kai saba'in. Ya ture su gefe. Wata sabo ne, babu gaggawa, kuma shi dama ba ya buƙatar karanta abin da likita ta rubuta kafin ya san lambar da zai sa. Kwana huɗu tarin nan ya yi a gefen gwiwar hannunsa. Har kofin shayi ya ɗora a kai.

Ranar Asabar da hantsi, Inna Kaltume na masussuka tare da mata, ta ɗaga taɓarya, ba ta sauke ta daidai ba. Matan suka ce ta tsaya tana kallon hannunta na dama kamar na wani, sannan ta zube a kan ƙaiƙayi. Kafin a ɗauko ta a amalanke bakinta ya karkace.

Malam Hadi ne ya auna ta. Ya matsa, ya saki, ya sake matsawa, ya girgiza abin awon kamar mai zargin sa da ƙarya.

"Nawa ne?" in ji Dallatu.

"Ɗari biyu da ashirin. Nemo mota."

A babban asibiti a birni aka karɓe ta. Wani matashin likita ya fito bayan azahar, ya same su a baranda, Dallatu a tsaye, Hafsatu a zaune a ƙasa da ƙullin kayan Inna a cinya.

"Shanyewar ɓarin jiki ce," in ji shi. "Hawan jini ne, kuma ba na jiya ba ne, zuciyarta ta nuna ya daɗe. Ba a taɓa auna ta ba ne? Da ko sati guda ne ta yi tana shan magani, da wataƙila ba mu zo nan ba."

"Amma likitarmu ta ce jininta lafiya lau," in ji Hafsatu. "Ranar Talatar nan."

Likitan ya ɗaga kafaɗa ya koma ciki. Dallatu ya juyo a hankali.

"Wace Talata?"

"Ranar da ka zo birni. Ai ranar Inna ke jira tuntuni. Ta ce in bincika mata ranar da ba ka nan."

"Kun je asibiti?"

"Mun je. Ta tono katin daga cikin kwalla. Mun fi awa uku a layi, ta hana ni in ce ita uwar wane ce. Da muka shiga ta gaya wa likita komai, ciwon kai, jiri, hayaƙin ido. Likita ta ɗauko abin awo, batir ya mutu. Ɗayan kuma yana wajen Malam Hadi a ɗakin haihuwa, wata na kan gwiwa. Ta ce mu jira. Sai ta buɗe fayil, ta ce, 'A'a, Inna, ashe ke tamu ce. Sau shida kin zo bana. Kwana tara da suka wuce ma an auna ki, komai daidai.'"

Dallatu ya dafa ginshiƙin baranda.

"Na buɗe baki zan ce ba ta taɓa zuwa ba," Hafsatu ta ci gaba, "sai ta take mini ƙafa. Ta tambayi likita, 'Wa ya rubuta?' Likita ta ce, 'Mai rubuta mana kati, Dallatu, daga abin da aka auna.' Inna ta sunkuyar da kai. Likita ta ce, 'Ko ba haka ba ne, Inna?' Ta ce, 'Haka ne, likita.'"

"Ta ce haka ne?"

"Da bakinta. Likita ta ce to gajiya ce da rana, ta rage zuwa gona, in ciwon bai bari ba ta dawo Talata mai zuwa. Ga mutane na ta leƙe ta labule. Muka fito. A hanya na ce, Inna, yaushe kika zo sau shida? Ta ce, 'In ya rubuta na zo, na zo. So kike a ce wancan maƙaryaci ne a gaban mutane?'" Hafsatu ta share ido da bakin mayafi. "Ni na ɗauka wata alfarma ka yi mata, irin ta ma'aikata. Yaya, mene ne ka rubuta?"

Mutumin da bai taɓa rasa abin cika gurbi ba, ranar ya rasa.

Talata ta zagayo. Labari ya riga Dokta Falta isowa. Ba ta zauna a ɗakin duba marasa lafiya ba, kai tsaye ta wuce ɗakin kati, ta ce a sauko mata da duk fayil ɗin da ke da lamba uku. Ta riƙa buɗewa tana ajiyewa, ba ta ɗaga murya. Dallatu da Malam Hadi na tsaye kamar ɗalibai.

"Ikon Allah," in ji ta. "Garin nan tsoho da ɗan yaye jininsu ɗaya. Ya kamata a rubuta mu a littafi." Ta buɗe wani. "Malam Hadi, wannan Badaru Maƙeri ba shi ne ya rasu kafin damina ba?"

"Shi ne, likita."

"To albishirinka. Watan jiya an auna shi, ya samu sauƙi."

Ba wanda ya yi dariya. Fayil ɗari biyu da goma sha huɗu ta ƙirga. Daga ƙarshe ta zaro na Inna Kaltume daga ƙarƙashin tarin da ke kan teburin Dallatu. Shatin kofin shayi na nan a bangon fayil ɗin da ke sama. Ta buɗe, ta ajiye a gabansa. Shuɗayen takardu shida da kyakkyawan rubutunsa, sai falle guda da rubutun likitar mai kama da tafiyar kaza.

"A duk fayil ɗin nan, wannan kaɗai ce zuwan gaskiya," in ji ta. "Kuma ita ma na ɓata ta, domin na yarda da takarda na bar mutum. Da na jira abin awo minti ashirin. Wannan laifina ne, zan ɗauka har gaban Allah. Kai kuma ka san naka. Cika fom ɗin. Ba ka sa mata lamba ba tukuna."

Ya ɗauki biro. Ya rubuta ɗaya. A gurbin awon jini bai rubuta komai ba. Shi ne fom na ƙarshe da ya cika a rayuwarsa.

Sauran abin ya tafi yadda irinsa ke tafiya. An kori Dallatu, babur da gonar gadonsa suka tafi wajen mayar da abin da aka ci. An ba Malam Hadi shawarar ya yi ritaya, irin shawarar da ba a ƙi. Masu inshora, waɗanda kwalta ta hana zuwa shekara da shekaru, sun gano hanya cikin sati guda. Suka dakatar da asibitin wata takwas. A cikin watannin nan duk mai kati sai ya biya da aljihunsa, a shekarar da aljihu ba shi da komai sai zare, kuma da yawa suka koma jiƙe-jiƙe. Dokta Falta ta sayi batir da kuɗinta, ta sa mai unguwa ya yi shela, ta auna duk mai fayil ɗin da ke raye. Mutum talatin da ɗaya ta samu da hawan jini, dukkansu masu takardar shaidar lafiya.

Inna Kaltume ba ta mutu ba. An dawo da ita bayan sati uku, hannun dama da ƙafar dama sun tafi, magana ma ta tafi. Hafsatu na da gidan miji da yara, don haka da rana Dallatu ne ke zama da ita, tunda yanzu yana da lokaci. Shi ke juya ta, shi ke fitar da ita inuwar darbejiya. Shekara arba'in bai taɓa zama kusa da ita haka ba.

Wata rana da hantsi ya dama kunu, ya durƙusa a gefen tabarma, ya ɗebo a ludayi ya hura.

"Inna," in ji shi, "ni na rubuta. Ba ki zo ba. Ki yafe mini."

Ta dube shi da idon da ya rage mata lafiyayye, na ɗan lokaci kaɗan. Sannan ta kau da kai wajen bango, kamar yadda ta saba tun yana yaro. A da ya san ma'anar wannan kau da kai, har yakan yi murmushi in ya fita. Yanzu bai sani ba, kuma babu bakin da zai gaya masa. Ya ci gaba da riƙe ludayin har kunun ya huce.

Darasin da ke cikin wannan labari bai ɓuya ba. Duk wanda aka damƙa wa biro a asibiti, ko a kowane wuri da ake rubuta halin mutane, ya sani cewa a bayan kowace lamba akwai mai rai, kuma wata rana wani zai karanta abin da ya rubuta ya yanke hukunci a kai, ba tare da ya san ƙarya ba ce. Tsananin rayuwa gaskiya ne, amma bai taɓa mayar da ɗaya ta zama uku ba. Kada kuma mutum ya ɗauki kunya da kawaicin na gida a matsayin mafaka, domin wanda ya fi rufa maka asiri shi ya fi kusa da cutuwa da ƙaryarka. Takarda kam ba ta jin ciwo, Dallatu ya yi gaskiya a nan. Mai sunan da ke kanta ne ke ji.